Wane Irin Jirgi Ne Yake Ƙetare Teku?

Kamar kullum daga nan Darmanawa nake magana, in kun ji ƙarar adaidaita sahu ko ta janareta a bayana ku yi haƙuri, kun san yanayin.

Yau maganar jirgin ruwa za mu yi. Na san wani zai ce, to Bakano kuma ina shi ina jirgin ruwa? Mu da ruwan da muka sani daga Tiga sai Wudil, sai kududdufin unguwa in damina ta yi ƙarfi? Ku ɗan ba ni lokaci, za ku ji dalili.

Sati biyu da suka wuce muna zaune wajen mai shayi a Gyadi-Gyadi, wani abokina da muka yi sakandare tare ya jawo ni gefe. Gyaran waya yake yi a Farm Centre, yana da hannu sosai, amma kasuwa ta yi masa nauyi. Ya ce min, "Mutumina, ni fa na gama shawara, zan wuce." Na ce ina? Ya ce Italiya, ta Agadas. Sai ya buɗe WhatsApp ya nuna min hoton da dillalin ya turo masa: wani farin jirgi mai hawa biyu, da gilasai, da kujeru. Wai shi ne zai kwashe su daga Libiya, awa shida an sauka.

Na ce masa, lokacin da ka sayi babur ɗinka na hannu, kai kaɗai ka je? Ya ce a'a, da bakanike na je. Na ce in mutum ya kawo maka waya zai sayar, karɓa kake yi haka kawai? Ya ce haba, sai na kunce ta na ga batir, na ga ko an taɓa buɗe ta. Na ce to wannan jirgin da za ka ɗora ranka a kai, wa ya duba maka? Ya yi dariya ya ce, "Allah ne zai duba."

Wallahi maganar nan ta hana ni barci. Shi ne na zauna na yi ta karatu a kan mutanen da suke ƙetare teku da gangan, da kuɗinsu, don sha'awa, a jiragen da iska take turawa, irin waɗanda ake kafa wa doguwar sanda a tsakiya a ɗaura mata katon ƙyalle. Ina so na ga me suke dubawa kafin su zaɓi jirgi. Abin da na samu shi na kawo mana yau, mu ɗora shi a kan jirgin Libiya, mu kuma ɗora shi a kan kwale-kwalen da iyayenmu da ƙannenmu suke shiga a nan gida.

Amma kafin nan, kada wani ya ɗauka harkar nan baƙuwa ce a wajenmu. Kakanninmu da suka yi hajji ta ƙasa sun san ta. Daga Kano su bi ta Borno, su shiga Cadi, su ratsa Darfur, wasu su shekara da shekaru suna ƙwadago a gonakin auduga na Jazira a Sudan suna tara guzuri, har su isa Sawakin a bakin Bahar Maliya. Daga nan zuwa Jidda ruwa ne na kusan kilomita 300. Mai takardu yakan jira a killace shi a duba lafiyarsa, sannan ya shiga babban jirgi. Wanda ba shi da takardu sai ya biya masu sambuk, wato jirgin katako na Larabawa mai tafiya da iska, su fita da shi a ɓoye. Wasu sun isa lafiya. Wasu an sauke su a gaɓar da babu kowa babu ruwan sha, wasu kuma sun ƙare a hannun masu cinikin bayi, don sai a 1962 Saudiyya ta haramta bauta. Kun ga ke nan, tambayar "wane jirgi ne, kuma na waye" ta daɗe tana raba Bahaushe da ransa ko 'yancinsa.

To ga abin da masu tafiyar nesa suke tambaya. Na tattara su gida biyar.

Tambaya ta farko: wannan jirgin, don wane irin ruwa aka ƙera shi?

A Turai duk ƙaramin jirgin shaƙatawa da za a sayar sabo, akwai harafin da ake manna masa, daga A zuwa D. Mai D na ruwa ne mai kwanciya, tafki ko kogi. Mai A shi ne aka ƙera don tsakiyar teku, inda igiyar ruwa take iya wuce mita 4, wato ta fi katangar gidanku tsawo. Abin da ya raba su yana ƙarƙashin ruwa, inda ido ba ya gani. Jirgin tafiyar nesa yana da wani ƙarfe ko dalma mai nauyi da aka ɗaure a cikinsa ta ƙasa, sau da yawa yakan kai kashi 1 cikin 3 na nauyin jirgin gaba ɗaya, ko ma ya fi. Amfaninsa shi ne, in igiya ta kwantar da jirgin, ko ma ta kifa shi, wannan nauyin zai jawo shi ya miƙe da kansa. Sannan samansa a rufe yake, ƙofofinsa ƙanana ne masu kulluwa, ruwan da ya faɗo kansa yana da hanyar zurarewa ya koma teku.

Kuma girma ba shi ne magana ba. Mutum na farko da ya zagaye duniya shi kaɗai, Joshua Slocum, ya tashi daga Boston a Amurka a 1895 ya dawo a 1898, a wani tsohon jirgin masunta mai suna Spray da ya sake ginawa da hannunsa. Tsawonsa mita 11 ne da ɗoriya. A 1968 wata jaridar Ingila, Sunday Times, ta sa gasar zagaye duniya mutum shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba. Mutum 9 suka shiga, ɗaya ne ya gama, Robin Knox-Johnston, bayan kwana 312 a kan ruwa. Jirginsa Suhaili bai cika mita 10 ba, na katako ne, a Bombay ta Indiya aka ƙera shi, kuma ba ya cikin masu gudu a gasar. Nauyi ne da shi da ƙwari, shi ya dawo da shi gida.

Yanzu mu dubi jirgin da ake zuba mutane a Zuwara ko Sabrata ko Zawiya. Shi ma tsawonsa kusan mita 10 zuwa 12 ne. Amma roba ce da aka hura wa iska, aka shimfiɗa mata falanki a ƙasa. Babu nauyin da zai miƙar da ita, babu rufi. In ɓangare ɗaya ya sace, ko falankin ya karye a tsakiya saboda nauyi, shi ke nan. Masu ƙera ta ma ba su yi ta don ta je ta dawo ba, tafiya ɗaya aka yi ta domin ta. Wancan farin jirgi na cikin hoto, ka tambayi duk wanda ya dawo daga Libiya ko ya taɓa ganinsa.

Sai maganar awa shida. Daga gaɓar Libiya wajen Tarabulus zuwa Lampedusa, tsibirin Italiya mafi kusa, kusan kilomita 300 ne. Ka raba 300 gida shida, ya zama kilomita 50 a awa. Roba mai ɗauke da mutum sama da 100 da ɗan ƙaramin inji a bayanta ba ta yin ko kusa da wannan. Lissafin aji uku na firamare ma ya isa ya tona ƙaryar.

Tambaya ta biyu: mutum nawa zai ɗauka, da kaya nawa?

Mai jirgin tafiyar nesa kafin ya gayyaci kowa sai ya yi lissafin ruwan sha. Aƙalla lita 3 ga kowane mutum a kowace rana, ban da girki da wanka, sannan ya ƙara na ko-ta-kwana. Shi ya sa jirgi mai mita 11 ko 12 za ka ga mutum biyu ne a ciki, ko huɗu, in sun yi yawa shida. Duk abin da ka ƙara, jirgin yana ƙara nutsewa, bakinsa yana matsowa kusa da ruwa, ƙaramar igiya ma ta isa ta shigo.

A wannan tsawon dai, dillali yana zuba mutum 120, wani lokaci fiye. Mutum 120 sau lita 3, lita 360 ke nan a rana ɗaya, jarka 25 sau 14 da ɗoriya. Ina za a ajiye su, alhali mutane ma a kan juna suke zaune? Maza a kan robar gefe, ƙafa ɗaya a ruwa, mata da yara a tsakiya wai don a kare su. To tsakiyar nan ita ce inda fetur ɗin da ya zube yake haɗuwa da ruwan gishiri, kuma haɗin nan yana cin fata kamar wuta. Likitocin ƙungiyar MSF da suke aikin ceto a Bahar Rum sun sha ba da labarin irin wannan ƙuna. A watan Nuwamba na 2017 gawarwakin 'yan mata 26 'yan Najeriya aka sauke a Salerno ta Italiya. A watan Yuni na 2023 wani jirgin kamun kifi ya taso daga Tobruk da mutum kusan 750, ya kife kusa da Pylos ta ƙasar Girka, mutum 104 kawai aka ceto.

Kada mu yi nisa ma. Ranar 30 ga Nuwamba 2021, a nan jiharmu, a madatsar ruwa ta Watari da ke Bagwai, kwale-kwale ya taso daga Badau da ɗaliban Islamiyya za su Mauludi. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu yara. Lodi ne ya wuce ƙima. Kuma a wannan ruwan dai an taɓa yin irinsa a 2008 da 'yan biki. A watan Mayu na 2021, a Warra ta jihar Kebbi, jirgi ya tarwatse a kogin Neja da mutum sama da 150, waɗanda aka ceto 20 ne da 'yan kai. A Yuni 2023, a yankin Patigi ta jihar Kwara, sama da mutum 100 suka tafi, suna dawowa daga ɗaurin aure cikin dare. Allah Ya ji ƙansu baki ɗaya. In ka bi labaran nan ɗaya bayan ɗaya, kusan abu guda za ka yi ta ji: mutane sun yi yawa, jirgin ya tsufa, babu rigar kariya.

Tambaya ta uku: in wani abu ya lalace a tsakiyar ruwa, da me za a ci gaba?

Wanda zai sayi jirgi na hannu don tafiyar nesa yakan ɗauko ƙwararre ya biya shi, a ciro jirgin daga ruwa, a ƙwanƙwasa jikinsa ana neman inda ya ruɓe, a duba wayoyin ƙarfen da suke riƙe da sandar, a duba abin juya jirgi na baya, a duba kowane famfo. Kamar dai yadda kake tafiya da bakanike, sai dai a nan in an yi kuskure babu gefen titi da za a faka. Da yawansu sun fi son jirgi mai sauƙin kaya, wanda za su iya gyarawa da hannunsu. Knox-Johnston da jirginsa ya fara yoyo a Tekun Atlantika, shi da kansa ya shiga ruwa ya toshe. Kirsten Neuschäfer, 'yar Afirka ta Kudu, wadda ta ci irin wannan gasa a watan Afrilu na 2023, ta ɗauki kusan shekara guda a Kanada tana gyaran tsohon jirginta kafin ta fito. Mutum 16 suka tashi daga Faransa a watan Satumba na 2022, uku ne suka gama ba tare da sun tsaya ba, ita ce ta farko.

Babbar fa'idar jirgi mai ƙyalle ita ce hanya biyu gare shi. In inji ya mutu akwai iska, in iska ta kwanta akwai inji. Iska kuma ba a sayenta a gidan mai. Irin wannan jirgi a hankali yake tafiya, kilomita 200 zuwa 250 a kwana ɗaya, amma zai yi sati uku yana yi bai tsaya ba.

Jirgin dillali inji ɗaya ne. In ya mutu, ko mai ya ƙare, ruwa ne zai zaɓa muku hanya. Ku ji wani abu da ya girgiza ni. Tun 1986, duk watan Nuwamba, akwai ayarin jiragen shaƙatawa da suke tashi daga Las Palmas a tsibiran Kanari su nufi yankin Karibiyan, tafiyar kusan kilomita 5,000, sati biyu zuwa uku. Abin da ya sa suke tashi daga can shi ne akwai iska mai ɗorewa da take kaɗawa daga gabas zuwa yamma, tana tura su ta baya. To wannan iskar dai, ita ce take ɗaukar kwale-kwalen 'yan Senegal da Muritaniya da suka kuskure tsibiran Kanari bayan injinsu ya mutu. A watan Mayu na 2021 masunta a tsibirin Tobago, can ɗaya gefen tekun, suka tsinci kwale-kwale daga Muritaniya, babu mai rai a ciki. A watan Agusta na 2023 an tsinci wani kusa da Kef Bad, ya taso daga ƙauyen Fass Boye na Senegal da mutum 101, ya fi wata guda yana yawo a kan ruwa, 38 ne suka rayu. Hanya ɗaya, iska ɗaya. Wasu ta kai su hutu, wasu ta kai gawarsu. Bambancin jirgin ne da shirin.

Tambaya ta huɗu: in abin ya faru, wa zai sani, kuma me zai riƙe ka kafin a zo?

Wancan ayari na Las Palmas, ba a barin jirgi ya shiga sai an hau an duba kayan ceto. Rigar kariya ga kowa, ƙaramin jirgin ceto mai hura kansa, da wata na'ura da in aka kunna ta take aika wa tauraron ɗan'adam sunan jirgin da daidai inda yake. A gasar da Kirsten ta ci, wani ɗan ƙasar Finland, Tapio Lehtinen, jirginsa ya nutse cikin mintuna a Tekun Indiya, nesa da kowace ƙasa. Ya faɗa jirgin cetonsa, ya kunna na'urarsa. Kirsten ta bar hanyarta ta nufo shi, bayan kusan kwana ɗaya ta ɗauke shi da rai. Ka ga mutum ɗaya ne tak a tsakiyar teku, amma an san inda yake.

Ko su ma da jini suka koya. A 1979 guguwa ta afka wa gasar Fastnet tsakanin Ingila da Ireland, jirage 303, 'yan gasa 15 suka mutu. Bayan nan aka zauna aka bi abin da ya faru dalla-dalla, aka sake dokokin ƙira da na kayan ceto. Mu fa? Bayan Bagwai, bayan Warra, bayan Patigi, sai ga Gbajibo a ƙaramar hukumar Mokwa a watan Oktoba na 2024, kusan mutum 300 a jirgi ɗaya, cikin dare, su ma 'yan Mauludi. Mu ta'aziyya muke yi, a raba shinkafa, a kafa kwamiti, mu jira na gaba.

A Bahar Rum, Hukumar Kula da Ƙaura ta Duniya, IOM, ta ƙirga sama da mutum 30,000 da suka mutu ko suka ɓace daga 2014 zuwa yanzu. Waɗanda aka samu labarinsu ke nan. Akwai jiragen da suke nutsewa babu wanda ya gani, sai dai uwa a Kano ko Benin ko Damagaram ta yi ta kiran lamba tana jin a kashe. Rigar da dillali yake sayar maka ma, an sha kama na jabu, soso ne a ciki wanda yake shan ruwa. Sannan in sanyi ne, ruwan tekun kansa yana kashe mutum cikin awanni ko ya iya iyo. Mu kuma tsakani da Allah, mu nawa ne a unguwar nan muka iya iyo?

Tambaya ta biyar, wadda a wajena ta fi sauran: waye matuƙi, wa ya zaɓi ranar tashi, kuma kana da ikon cewa na fasa?

Masu sambuk na Oman da Indiya da Zanzibar ɗaruruwan shekaru suna jiran iska. Ta kaɗa kudu su tafi, su zauna watanni har ta juyo sannan su dawo. Masu tashi daga Las Palmas suna jiran Nuwamba ne don lokacin manyan guguwowin Atlantika ya wuce. Matuƙin kirki in ya ga sama ba ta yi masa ba, ya fasa, ko an yi masa dariya.

A Libiya wanda ya karɓi kuɗinka ba ya shiga jirgin. Sau da yawa cikin fasinjojin ake zaɓar wani, a yafe masa kuɗin tafiya, a nuna masa yadda ake riƙe inji, a miƙa masa kamfas a ce ya bi arewa. In an yi sa'a an isa, shi 'yan sandan Italiya suke kamawa a matsayin mai safarar mutane. Ranar tashi kuma cikin dare ake kora ku bakin ruwa, da bindiga a bayanku. A nan ne za ka ga robar da idonka, a nan ne kuma babu damar komawa.

Akwai wani mutum a gasar 1968 da labarinsa ya tuna min da samarinmu, Donald Crowhurst. Kasuwancinsa ya durƙushe, ya ɗora gidansa da sana'arsa a kan bashi don ya shiga gasar ya ci kuɗi. Jirginsa ba a gama shi da kyau ba, amma wa'adi ya zo, ya tashi ranar ƙarshe, 31 ga Oktoba. Bai yi nisa ba ya gane jirgin ba zai iya ba. In ya ci gaba, mutuwa. In ya koma, talauci da kunya. Sai ya tsaya a Atlantika yana aiko da rahoton ƙarya wai yana zagaye duniya. A watan Yuli na 1969 aka tsinci jirgin yana yawo babu kowa a ciki. Knox-Johnston ya ɗauki fam 5,000 da ya ci ya ba iyalansa.

Ku gaya min, wannan ba shi ne labarin yaron da aka sayar da filin gado aka ba shi ba? Yana Sabha ko Tarabulus, ya ga abin da ya gani, amma ya kasa kira gida ya ce zan dawo. Sai ya riƙa turo hoto a jikin motar wani yana cewa komai lafiya. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, a yi dubu ba a fito ba. Iyaye da yayye, in naku yana can, ku buɗe masa ƙofa. Ku ce masa fili ya tafi ya tafi, kai muke so. Akwai shirin IOM na dawo da waɗanda suka amince su dawo, dubban 'yan Najeriya sun biyo shi tun 2017.

Na san abin da wasu za su rubuto min a ƙasa. "Kai ka samu abin yi ne shi ya sa." Ko kuma, "Ai nan ɗin ma mutuwa ce, gara a mutu ana nema." Ban raina wannan magana ba. Ni ma na gama jami'a na yi hidimar ƙasa na zauna shekara biyu ina yawo da takardu a leda. Na san yadda ake ji in ƙaninka ya roƙe ka kuɗin mota ka kasa. Kuma ban ce kowa ya zauna a Kano ba, Bahaushe da tafiya aka san shi, daga Kumasi har Hartum akwai zangonmu. Abin da nake cewa shi ne, kakanninmu 'yan fatauci ba sa tashi sai da madugu wanda ya san hanya kuma yake cikin ayarin, abin da ya same su ya same shi. Wanda ya karɓi kuɗinka ya tsaya a gaɓa yana ɗaga maka hannu, wannan ba madugu ba ne.

Masu cewa ajali kuma, gaskiya ne, babu mai wuce kwanansa. Amma dukkanmu a Islamiyya an karantar da mu labarin mai raƙumin da aka umarta ya ɗaure abinsa sannan ya yi tawakkali. Annabi Nuhu, alaihis salam, da za a tserar da shi ma umartarsa aka yi ya sassaƙa jirgi. Duba jirgi kafin ka shiga ba raunin imani ba ne.

To me za mu yi, mu da muke nan?

Na ɗaya, in za ka shiga kwale-kwale, ko a Bagwai ne, ko Wudil, ko Yawuri, ko ka je bautar ƙasa wani gari na bakin ruwa, ka dubi tazarar da ke tsakanin bakin jirgin da ruwa. In ka ga saura kaɗan su haɗu, ka sauka ka jira na gaba, ko za a ce maka matsoraci. Kada ka shiga da dare. Hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin gida ta hana tafiyar dare, ta kuma wajabta rigar kariya, don haka in ka tambaya haƙƙinka ka tambaya.

Na biyu, malaman Islamiyya da masu shirya biki ko Mauludi a garuruwan bakin ruwa, a raba yara sawu biyu ko uku. Kuɗin sawu na biyu bai kai kuɗin likkafani ba.

Na uku, mu matasa masu ƙungiyoyi. Muna tara kuɗi mu sayi rigunan ƙwallo, muna tara kuɗi mu buga fastar ɗan takara. Mu gwada tara na rigunan kariya mu kai mashigar ruwa ɗaya, mu damƙa wa sarkin ruwa da matuƙa, mu riƙa komawa muna gani ko ana sawa. Kuma duk ɗan siyasar da ya zo neman ƙuri'a daga yankin da ake fito, a tambaye shi maganar jirage da gada a gaban jama'a, a ɗauka a waya, a ajiye.

Na huɗu, in abokinka ya nuna maka hoton farin jirgi, kada ka yi masa wa'azi, kada ka yi masa dariya. Ka yi masa tambayoyin nan biyar, ka ce ya tura wa dillalin. Don wane ruwa aka ƙera jirgin? Mu nawa ne a ciki? In inji ya mutu fa? Wa zai san inda muke? Kai za ka shiga tare da mu?

Haka na yi wa abokina. Ya tura. Dillalin ya karanta, alamar ta yi shuɗi, har yau bai ba da amsa ba, sai dai ya turo cewa kujeru sun kusa ƙarewa, a yi sauri a biya rabin kuɗi. Ban ce muku abokina ya fasa ba, don bai ce min ya fasa ba. Jiya dai na wuce ta Farm Centre na same shi a kan teburinsa yana canza wa wata waya gilashi. Ku sa shi a addu'a, shi da ire-irensa.

A nan za mu dakata. Wanda ya taɓa bin hanyar nan ya dawo, ko wanda yake zaune a garin da ake fito, ya rubuto mana abin da ya gani, ba sai ya faɗi sunansa ba, za mu karanta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Ku tura wa wanda kuka san yana wannan tunanin. Allah Ya ji ƙan waɗanda ruwa ya ci, Ya ba iyayensu haƙuri, Ya buɗa mana hanyar halak a inda muke da inda za mu.